Daga Nima zuwa Cape Coast a Yini Ɗaya: Yadda Ziyarar Wani Iyali Ta Watse, da Yadda Aka Gyara Ta

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa tela ne a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Gana. Yana da shago mai kekuna huɗu, da mata da 'ya'ya biyar. Mahaifiyarsa tana zaune a gidansa, ta haura shekara 70, gwiwa na damunta. Babbar 'yarsa tana shekara ta biyu a Jami'ar Cape Coast, tana karatun koyarwa. Tun ranar da yarinyar ta tafi, tsohuwar ta kafe a kan magana ɗaya: sai ta je ta ga inda kishiyarta take kwana da abin da take ci.

Cape Coast tana bakin teku, kusan kilomita 150 yamma da Accra. Mutanen Fante, masu garin, suna kiranta Oguaa. Ita ce hedikwatar Turawan Ingila a wannan yanki har shekarar 1877, lokacin da suka mayar da mulki Accra. Mulki ya tashi, makarantu suka zauna. A nan Mfantsipim take, wadda aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu. Ga Adisadel ta 1910, ga Wesley Girls, ga jami'ar kanta da aka buɗe a 1962 don horar da malamai, ta zama cikakkiyar jami'a a 1971. Bayan makarantu akwai tsohon sansanin Turawa inda aka riƙa tara bayi kafin a ɗora su a jirgi, da wani irinsa a Elmina, kimanin kilomita 12 a gaba, da gandun dajin Kakum mai gadar igiya a saman bishiyoyi, kusan kilomita 30 arewa da garin. Sannan akwai kifi da dokunun Fante (tuwon masara mai tsami da ake dafawa naɗe a ganye), waɗanda duk wanda ya je sai an tambaye shi ko ya ci.

Sharaɗin telan guda ne: a je a dawo a yini ɗaya. Tsohuwa ba ta kwana a gidan da ba nata ba, shago ba ya jure rufewar kwana biyu, kuɗin masauki na mutum fiye da goma kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa.

## Tafiyar farko: Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah

Ƙanwar matarsa da mijinta sun zo daga Kano yin Sallah, sai ya ga dama ta samu. Ya ɗauki hayar ƙaramar bas, mutum 13 har da yara shida. Ya rubuta tsari a bayan wata takardar awon kaya: Kakum, sansanin Cape Coast, abinci a bakin teku, jami'a, Elmina, gida. An sa ƙarfe 6:00 na safe.

Ba a tashi ba sai 7:40. Direba ya zo a makare, yara ba su gama shiri ba, aka koma ɗauko maganin tsohuwa. Daga mahaɗar Mallam aka fara ja da ƙyar, a Kasoa kuwa mota ta tsaya cik. Ranar Asabar ce ranar jana'iza a kudancin Gana. Motoci cike da mutane sanye da baƙi da ja suna fita gari zuwa ƙauyuka, ga 'yan kasuwa, ga masu zuwa biki. Hanya guda ce kowa yake bi. Sun wuce Mankessim bayan 11:30, suka shiga Cape Coast rana ta take.

Maimakon a sauya tsari, sai aka bi takarda. Aka juya arewa zuwa Kakum, aka isa 1:15. A can suka tarar da bas-bas na 'yan makaranta, layi ya yi tsawo. Kafin mutum ya kai gadar sai ya hau tudu ta cikin daji a kan matakala, abin da telan bai sani ba. Tsohuwa ta dubi hawan ta nemi benci ta zauna. Matarsa da ƙanwarta suka zauna tare da ita da ƙananan yara biyu. Saura suka hau. Gadar guda bakwai ce a jere, tsawonsu gaba ɗaya kusan mita 350, a wasu wuraren tazararta da ƙasa ta kusa mita 40, an buɗe ta tun 1995. Samarin gidan sun ji daɗinta ƙwarai, har yau suna labarinta. Masu zaman benci kuwa sun shafe kusan awa biyu suna korar ƙuda da shan ruwan leda.

A wurin biyan kuɗin shiga wata 'yar matsala ta ɓullo: kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, kuma na baƙo ya fi yawa sosai. Mutanen Kano biyu baƙi ne. Telan ya biya bai ce komai ba, amma lissafinsa ya fara yoyo tun daga nan.

Sun dawo gari 3:50. Sansanin yana rufewa kafin 5:00, don haka suka shiga rukunin ƙarshe da gudu-gudu, ba wanda ya sa komai a cikinsa in ban da burodi da biskit. Yara na kuka, tsohuwa ta ce ba za ta iya ba, ta zauna a mota. Azahar da La'asar aka yi su a gefen mota a kan kwali.

Abinci shi ne ya ƙarasa ranar. Direba ya kai su wani wurin cin abinci a bakin ruwa, irin na masu yawon shaƙatawa: kiɗa na tashi, kwalaben giya a kan tebura. Surukin da ya zo daga Kano ya tsaya a ƙofa bai shiga ba. Aka yi ta ja-in-ja a kan wane mai ake suya da shi da kuma wa ya yanka kajin. Daga ƙarshe aka ce a soya kifi kawai a kawo mota. Odar mutum 13 ta ɗauki fiye da awa ɗaya, kifin kuma na firiza ne.

Yarinyar da aka zo dominta tana jira tun 10:00 na safe. An isa ƙofar jami'a bayan Magariba. A wannan yanki rana tana faɗuwa wajen 6:00 duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri. Ta shigo motar ta gaida kakarta minti goma, ta karɓi ƙullin garin rogo da kayan shayi, ta sauka. Elmina ba a ko ambace ta ba. Sun shiga Nima 11:20 na dare. A hanya tsohuwa ta yi magana sau ɗaya: "An kai ni daji na ga benci."

## Watanni biyu na neman mafita

Baƙin Kano suka koma gida da abin da suka gani. Tsohuwa ba ta janye buƙatarta ba.

Telan ya fara da masu shirya yawon buɗe ido. Ya tambayi biyu. Dukansu tsarinsu kusan ɗaya ne da wanda ya rubuta a takardarsa, Kakum da sansani biyu, sai dai su suna tashi da wuri kuma suna da wurin cin abincin da suka saba kai baƙi. Babu jami'a a ciki, babu lokacin sallah, kuɗin kowane kai kuma an yanka shi ne don baƙin ƙasashen waje. Ya bar wannan.

Matarsa ta kawo shawarar a dafa komai a gida, shinkafa da wake da soyayyen nama, a zuba a kula. Wannan ya kashe maganar halal da jiran oda, amma tsohuwa ta ƙi: ita abincin can take son gani, ba tukunyar Nima a bakin teku ba. Aka sake tayar da maganar kwana, aka sake binne ta.

A watan Yuni ya yanke shawarar zuwa shi kaɗai ya duba, zuwa da kai ya fi aike. Ya shiga motar haya a tashar Kaneshie da sassafe ranar Talata, saboda ita ce ranar da aiki ya fi sauƙi a shago. Cikin awa uku ya isa. Wannan shi ne abu na farko da ya rubuta: hanyar da ta ci musu kusan awa biyar, awa uku ce idan an riga gari tashi. Abu na biyu bai yi tsammaninsa ba. Ya gangara bayan sansanin don ya ga masunta, sai ya tarar da kwalekwale duk a kan yashi, maza zaune suna ɗinkin raga. Masuntan wannan gaɓa ba sa shiga teku ranar Talata. Tsohuwar al'ada ce kuma har yanzu tana aiki. Da ranar ya kawo iyali, da ba su ga saukar kifi ba.

Da rana ya haɗu da 'yarsa da ƙawarta ta ɗaki, 'yar garin. Sai a lokacin ya yi tambayar da bai yi ba a karon farko.

"Ke da kike nan, in ke ce ya za ki tsara?"

"Baba, Kakum ba ta Kaka ba ce. A cire ta. Sansani ɗaya ya isa. Abinci kuma kada a nema a ranar, a shirya shi tun kafin a zo."

Ƙawar ta kai shi wurin wata gwaggonta da ke dafa wa ɗalibai abinci a wata rumfa bayan gidanta. Ya ga tukwanen, ya ga inda ake wanke-wanke. Suka yi magana ta ƙare: kifin da aka sauke da safiyar ranar, sabon mai, ba nama ko kaɗan, abinci ya sauka ƙarfe 1:00, tabarma biyu a inuwa. Ya ba da rabin kuɗi. Daga nan suka bi ta kasuwar Kotokuraba, ya ga masallacin Zango da wurin alwala, ya ƙirga matakalar shiga saboda gwiwar tsohuwa.

Ya kuma tambayi limamin unguwarsu game da sallah. Amsar gajeriya ce: nisan ya wuce na ƙasaru, wanda malamai ke ƙiyastawa da kusan kilomita 80, kuma matafiyi yana da sauƙin haɗa Azahar da La'asar.

Sauran aikin zaɓen rana ne. Talata ta fita saboda masunta, Juma'a saboda masallaci, Asabar saboda hanya. Ya kauce wa farkon Satumba, domin Asabar ta farko a watan ita ce ranar bikin Fetu Afahye, garin yakan cika maƙil. Ya tsaya a kan wata Alhamis a watan Agusta: yara suna hutu, manyan ruwan sama sun ɗauke, zafi ya sauka, kuma lokacin ne kifi ya fi yawa a gaɓar Gana.

## Tafiya ta biyu: Alhamis, tsakiyar Agusta

Mutum 11 a wannan karo. An loda kaya tun dare, direba (wani ne daban) ya kwana da motar a ƙofar gida. Ana sallame Asuba aka tashi, 5:15. Koko da ƙosai a cikin mota aka sha, wannan ne kaɗai abin da aka ɗauka daga shawarar kula. Kafin 6:00 sun bar Kasoa a baya. Layin da ke shigowa Accra ya riga ya fara cushewa, nasu fayau. An tsaya minti 15 a Mankessim don kewayawa. Daga Saltpond teku ta fara leƙowa ta hagu tsakanin bishiyoyin kwakwa, aka wuce Anomabo da Biriwa, 8:30 suna Cape Coast. Yarinyar tana tsaye tana jiransu.

Rabin awa ta farko a bakin ruwa aka yi ta, ƙarƙashin bangon sansanin. Kwalekwale masu tutoci da rubuce-rubuce a jiki suna shigowa, samari suna jan igiya da waƙa, mata da manyan kwanonin silba suna ciniki da ƙarfin murya. An ja wa yara kunne kada wanda ya sa ƙafa a ruwa, domin igiyar wannan gaɓa tana da ja.

Ƙarfe 9:00 suka shiga rukunin farko, su da wasu mutum huɗu kacal. Mai rakiya ya fara da tarihin ginin: mutanen Suwidin ne suka kafa shi da katako a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka ƙwace shi a 1664, suka mayar da shi cibiyar cinikinsu. Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, Barack Obama kuma ya ziyarce shi a watan Yuli na 2009.

Sai aka gangara kurkukun maza. Hanyar shiga gangare ce mai santsi, ba matakala, don haka tsohuwa ta iya, jikarta na riƙe da hannunta. Ɗakunan dutse ne, haske yana shigowa ta 'yan ƙananan kafofi can sama. Masu rakiya sukan ce har mutum 1,000 ake cusawa a ciki a lokaci guda. Ya nuna musu siririyar kwata da aka yanka a daɓen, ita ce duk magudanar da mutanen ke da ita. Ya kashe fitila na ɗan lokaci. Ƙaramar yarinyar gidan ta ƙanƙame zanen uwarta. Da aka fito, ya ɗaga hannu ya nuna ɗakin da ke daidai saman kurkukun: coci ne, nan Turawan suke ibada. Aka ga ɗakin da ba taga inda ake kulle waɗanda suka yi tawaye har su mutu, aka ga ɓangaren mata, aka ga faffaɗan ɗakunan gwamna a sama inda iskar teku ke shiga ta ko'ina. Ƙarshe aka buɗe ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, wadda in an fita ba a dawowa. Bayanta sai ga masuntan nan na ɗazu da hayaniyarsu.

Zagayen bai kai awa ɗaya ba. A tsarin telan, 10:00 za a shiga mota. Ba wanda ya motsa. Tsohuwa ta zauna a inuwar bango kusa da jerin tsofaffin igwa, ta ciro carbi. Can ta ce wa ɗanta:

"Kakana ya yi fataucin goro ta Salaga, can arewacin Gana. Yana cewa a kasuwar ba goro kaɗai ake sayarwa ba. Ashe nan hanyar take ƙarewa."

"Haka ne, Mma."

"To, ka bar ni tukuna."

Ya bar ta. Minti 45 aka yi a wurin, kuma ba a rasa komai ba, domin babu Kakum da ke jira.

Jami'a ta ɗauki awa ɗaya da kwata. An zaga da mota ta tsohon ɓangare, wanda ke kan tudu yana kallon teku, aka shiga sabon, aka tsaya a ɗakin kwanan ɗalibai. Tsohuwa ta zauna a bakin gadon jikarta, ta danna katifar, ta buɗe tukunya, ta duba buhun shinkafa. Hukuncinta: "Kishiya, ɗakin ya yi, amma kin rame."

Ƙarfe 1:05 suna kan tabarma. Aka kawo miyar da ake kira Fante-Fante: ɗanyen kifi ne ake dafawa kai-tsaye a cikin manja da tumatir da albasa da attaruhu, ba a soya shi tukuna, shi ya sa naman ke zama lugub yana ɓarewa da yatsa. Gefe ga soyayyun ƙananan kifi, ga jatan lande, ga shito (baƙin yajin Gana da ake soyawa da mai) da niƙaƙƙen ɗanyen barkono. Dokunun ne ya jawo magana. Wanda mutanen Accra suka sani, na kabilar Ga, da ɓawon masara ake naɗe shi kuma da gishirinsa. Na Fante a busasshen ganyen ayaba yake, ganyen ya rina bayansa ya yi duhu, ya fi tauri, ya fi tsami, ba gishiri. Tsohuwa ta gutsura ta yamutsa fuska. Mai abincin ta nuna mata ta dangwala cikin miyar sosai. Ta cinye ɗaya da rabi. Wani yaro ya zari barkono fiye da kima, aka kashe wutar da ruwan kwakwa.

An yi Azahar da La'asar a haɗe a masallacin Zango wajen 2:15. Daga nan aka ce a leƙa Elmina. Wannan ɓangaren bai yi armashi ba. Sansanin can ya fi tsufa, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, Holan ta karɓe a 1637, Ingila a 1872, kuma a cikinsa aka tsare sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Amma ciki ya cika, ido ya yi nauyi, kuma bayan abin da aka gani da safe ba mai sha'awar shiga wani kurkukun. Aka tsaya a kan gada aka kalli kwalekwalen da suka cika tafkin Benya minti 20, aka juyo. Kusan awa ɗaya ta tafi a kan haka.

An ajiye yarinyar 3:50. A mahaɗar Yamoransa, inda mata ke jera dokunu tsibi-tsibi cikin shuɗiyar leda, aka sayi tsaraba. Magariba ta same su kusa da Kasoa, 7:25 suna gida.

## Abin da ya biyo baya

Tsohuwa ta daina maganar tafiya. Kuɗin da aka kashe bai kai na farko ba, ko da an haɗa da kuɗin motar zuwan da ya yi shi kaɗai, domin ba a biya shiga Kakum ba kuma abincin rumfa ya fi na bakin teku sauƙi nesa ba kusa ba. Gwiwar ta kumbura kwana biyu ta sauka. Samarin biyu dai ba su yarda an yi musu adalci ba. A wurinsu tafiyar farko ce tafiya.

## Me ya sa ta farko ta watse, ta biyu ta yi

Mai neman wanda zai ɗora wa laifi zai kama direban farko da cunkoson Kasoa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ko da an tashi 6:00 daidai, lissafin ba ya fita. Hasken rana awa 12 ne. Hanya zuwa da dawowa tana cin 6 a rana mai kyau, 9 ko fiye a ranar Asabar. Kakum kaɗai, da zuwa da layi da hawa da dawowa, ba ta gaza awa 3 ba. Abin da ya rage ba zai ɗauki sansani biyu da jami'a da abincin mutum 13 da salloli ba. Takardar ta jera wuraren da aka ce kowa ya gani. Ba ta tambayi don wa ake tafiyar ba. Tafiyar ta tsohuwa ce, amma aka sa buƙatarta a lamba ta huɗu, aka fara da wurin da ita kaɗai ba za ta iya hawa ba.

A ganina cire Kakum ya fi tashin Asuba tasiri. Tashin Asuba ya ceto awa biyu, cire Kakum kuwa shi ya samar da sarari, kuma sararin nan ne ya ba da minti 45 na zaman bango, wanda ba a tsara ba amma da an hana shi da ziyarar ta zama wucewa kawai. Kurkukun Cape Coast ba wurin da ake fitowa a faɗa kan kwanon abinci ba ne. Sa jami'a a tsakaninsu ya yi daidai, ko da ba da niyya aka yi ba.

Maganar abinci kuma ba tsada ce ta warware ta ba, shiri ne. Iyali Musulmi masu yawa da suka isa garin da ba nasu ba da yunwa, sai dai su ci abin da direba ya sani. Zaɓen kifi zalla ya kawar da tambayar yanka, ganin mai dafawa ido da ido ya kawar da ta mai. Duk wannan bayanin yana bakin yarinyar tun farko. Waya ɗaya kafin tafiyar Sallah da ta wadatar.

Elmina ita ce ragowar tsohon kwaɗayin, kuma ta nuna cewa ko tsari na biyu ya ɗan yi yawa. Telan ya ce in Allah ya kai su bikin kammala karatun yarinyar, zai bar tsohuwa da mata su dawo a ranar, shi da samarin su kwana ɗaya, su shiga Kakum da safe kafin bas ɗin 'yan makaranta su iso, su ƙarasa da Elmina da rana.